Yadda ake kafa ƙungiyar tarihin gari a ƙauye, mataki bayan mataki

Tambayar da ta fi yawa cikin saƙonnin da nike samu ita ce wagga: muna son mu tattara tarihin garinmu, ta ina za mu fara? Masu tambayar wasu malaman firamare ne, wasu ɗalibai, wasu kuma 'yan kasuwa ne da ke zaune Legas ko Kano amma hankalinsu na gida, daga ɓangaren Yabo, Kware, Gwadabawa, Bodinga, har Isa, duk a jihar Sakkwato. Amsa wa kowa shi kaɗai ta gagara, shi ya sa na haɗa komai wuri guda. Ku bi shi a jere, don jerin shi ne rabin aikin, waɗanda sunka fara da buga kalanda da gayyatar ɗan majalisa yawancinsu a nan abin ya tsaya.

1. Mutum biyar sun isa

Kada ku kira taron gari tukuna. Ku nemi mutum biyar zuwa bakwai da za su iya aiki ba a biya su ba, kuma ku zaɓe su saboda abin da kowa ya iya. Ana buƙatar wanda ke karanta ajami da Larabci da kyau (almajirin zaure ya fi wanda ya yi Larabcin boko kawai, don rubutun magabata sai wanda idonsa ya saba da shi), ana buƙatar mai rubutun boko mai tsabta, da matashi guda da ya san waya da kwamfuta, da dattijo guda wanda in ya yi sallama kowane gida za a shimfiɗa masa tabarma. Sannan mace, aƙalla ɗaya, biyu sun fi. Wannan ba don ado ba ne, namiji ba zai shiga cikin gida ya zauna awa biyu da tsohuwa ba, kuma rabin abin da kuke nema yana wurin tsofaffin mata.

Muƙami uku kawai: shugaba, magatakarda, ma'aji. Rabon muƙamai goma sha biyar ga mutum bakwai shi ne farkon rigima.

Gargaɗi: in garinku akwai gidaje biyu masu neman sarauta, ko dai ku ɗauki mutum guda daga kowane gida ko kuma ku bar su duka biyun daga cikin shugabanci. Haka maganar jam'iyya. Ranar da anka ce ƙungiyar ta gidan su wane ce, ɗaya ɓangaren ya rufe baki ke nan har abada.

2. Gaisuwa kafin aiki

Mai unguwa, sannan hakimi, in hakimi ya ga dama shi zai kai ku gun uban ƙasa. Kada ku tsallake. Limamin gari ma ku je masa daban, ba a fada ba, a zaurensa bayan la'asar. Dattijon naku shi zai yi magana, gajeruwa: “Ranka shi daɗe, yaranka ne sunka ga tsofaffi na ƙarewa, suna son su rubuta abin da ya saura don jikoki, mun zo neman izini da albarka.” Shi ke nan. Ku riƙe goro a hannu.

Abu biyu za ku fito da su daga wurin. Na farko izini a bainar jama'a, in da hali a yi sanarwa a masallacin Juma'a ko mai shela ya zaga, don kada gobe a ga yara da waya suna ɗaukar muryar tsoho a ce 'yan leƙen asiri ne, a wannan zamani na rashin tsaro zargi irin wanga ba abin wasa ba ne. Na biyu, ku faɗa a fili tun ranar cewa ƙungiya ba ta yanke hukunci kan iyakar gona ko gadon sarauta, kuma ba za ta ba kowa abin da ta naɗa ya kai kotu ba. Ku rubuta wannan a shafin farko na littafin ƙungiya.

3. Kuɗi da kayan aiki

Abin da ake buƙata a watannin farko bai kai yadda mutane ke zato ba. Waya mai naɗar murya da kyau, wadda ɗayanku ke da ita ma ta isa. Memori mai giga 32, sabo, daga shago mai amana, don na jabu sun cika kasuwa, zai nuna maka ya ɗauka alhali babu komai ciki. Fawa banki, saboda kun san halin wuta. Babban littafi mai bangon kwali guda biyu, ɗaya na kuɗi da taro, ɗaya na rajistar hira. Fensir, biro, ambulan manya, farin yadi kamu biyu, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Farashi ba zan saka ba don kafin ku karanta ya canja, ku aika mutum kasuwa ya tambayo ya rubuto.

Inda kuɗin ke tafiya da gaske shi ne man mashin ko kuɗin kabu-kabu, da goro da ɗan abin sadaka ga tsofaffi, sai data. Shawarata kowane mamba ya riƙa ba da naira 500 zuwa 1,000 a wata, 'yan gari da ke birni kuma a buɗe musu ƙofa su taimaka, amma a rubuta ko sisi ne, ma'aji ya karanta lissafi a kowane zama.

Gargaɗi: kada ku yanka wa hira farashi. In kunka ba tsoho na farko dubu biyar “kuɗin labari”, kafin sati ya zagayo duk gari ya ji, na gaba zai jira dubu goma, kuma wani zai ƙaro gishiri don labarinsa ya yi tsada. Goro, sabulu, sukari, ko ku biya masa maganin da yake sha, wannan gaisuwa ce kuma kowa ya san ta.

4. Jerin waɗanda za a fara zuwa gunsu

Ku zauna dare guda ku rubuta sunan duk wanda ya haura saba'in a gari da ƙauyukan kewaye, maza da mata. Sai ku jera su, ba bisa girman gida ba, bisa shekaru da lafiya. Wanda ya fi tsufa ko rashin lafiya shi ne na ɗaya, ko da talaka ne tilis, hakimi mai shekara sittin zai iya jira.

Kada jerin ya tsaya ga fada da malamai. Maroƙa da makaɗan fada suna riƙe da jerin sarakuna cikin kirari, wani lokaci fiye da 'ya'yan gidan. Sarkin aska ya san wa anka haifa a wace shekara. Ungozoma haka. Sarkin ruwa da sarkawa sun san yadda gulbi ya canja hanya, dukawa sun san zamanin da fatar jar akuya ke da daraja da inda ake kai ta, marina, masaƙa, maƙera, mahauta, Ardo da mutanensa a ruga, tsofaffin da sunka yi yaƙin basasa tsakanin 1967 da 1970, da waɗanda sunka yi ci-rani har Kurmi ko Gwanja tun suna samari. In akwai tsohuwar da ta yi tafiyar 'yan taru ko ta gaji waƙoƙinsu, wato tsarin karantar da mata da Nana Asma'u ta kafa, ku sa ta a sahun farko.

Lokaci mafi kyau bayan kaka ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina kowa na gona, da bazara zafin Afrilu ba ya barin tsoho ya yi dogon zance, cikin azumi kuma ku ƙyale su.

5. Zaman hira

Nan ne aikin yake, don haka zan daɗe a kai.

Ku je sau biyu. Zuwan farko gaisuwa ce kawai da neman rana, ba waya ba littafi. Ranar hira mutum biyu za su je, ɗaya na tambaya ɗaya na rubuta sunaye da wurare da ya ji, uku sun yi yawa. Da hantsi ya fi, bayan ya sha fura hankalinsa ya kwanta. Ku roƙi a zauna cikin zaure ko ɗaki, ba bakin hanya ba, kuma ku dubi inda injin niƙa yake, don ƙararsa na cinye murya gaba ɗaya, kuna zaune ba za ku lura ba sai kun dawo gida kun kunna.

Ka sa wayar a yanayin jirgi kafin ka fara, kira guda na iya yanke naɗin. Ka aje ta kan matashi ko nannaɗaɗɗen zane kamar kamu ɗaya daga bakinsa, ba kan tabarma tsirara ba, don duk motsin ƙafa zai shiga. Ka naɗi minti guda ka saurara tukuna. Sannan ka fara da faɗin ranar, da garin, da sunan mai magana da naka, ka tambaye shi a cikin naɗin: “Baba, ka yarda mu ɗauki muryarka mu aje don tarihin gari? Ka yarda a kunna ta a taro?” Amsar tasa ita ce shaidarku. Tambaya biyu ce daban, wani zai yarda da ta farko ya ƙi ta biyu, musamman mata, kuma hakkinsa ne.

Kada ka buɗe da “ba mu tarihin garin nan.” In ka yi haka zai ba ka haddar da kowa ya sani, mun fito daga gabas, wani maharbi ya sauka gindin tsamiya, minti biyar an gama. Fara da shi kansa. Wace unguwa anka haife ka, wa ya yi maka kaciya, gun wa ka yi allo, me kuke nomawa da ba a nomawa yanzu, nawa anka biya sadakin Inna, ina kasuwa take ci kafin ta dawo nan. Daga nan labarin gari zai fito da kansa, kuma zai fito da sunaye. Duk lokacin da ya faɗi wani abu na da can, tambaya guda ce ba a mantawa: “Wanga ka gani da idonka, ko wa ya gaya maka?” In ya ce kakansa, ka nemi sunan kakan da sana'arsa. Mu nan Sakkwato ba baƙin isnadi ba ne, abin da malamai ke yi wa karatu shi za ku yi wa labari.

In ya yi shiru, ka yi shiru. Matasa ba su iya wannan ba, da tsoho ya tsaya sai su jefa wata tambaya, alhali yana lalubo suna ne, ka ba shi lokaci za ka ga ya ɗaga yatsa ya ce “yawwa, na tuna.” Kada ka gyara masa ko ka san ya yi kuskuren shekara, kada ka ce ai wane ya ce ba haka ba ne. Awa ɗaya ta isa, in ya gaji ku tashi ku sake dawowa, zama na biyu kusan kullum ya fi na farko daɗi.

Matsalar da za ku fi fama da ita 'yan kallo ne. Da an ga baƙi zaure zai cika, wani ɗan shekara arba'in zai riƙa amsawa a madadin tsohon. Dattijonku ne zai sallame su da dabara tun kafin a fara.

Gargaɗi babba: maganar asali. Za ku ji an ce gidan su wane bayi ne, ko unguwa kaza rinji ce a da, ko kakannin su wane sun yi bori, ko a yaƙi kaza suna ɗaya ɓangaren. A ƙasar da Gobirawa, Fulani, Kabawa, Zamfarawa, Adarawa da Zabarmawa sunka cakuɗa da aure shekara ɗari biyu, irin wagga magana na iya fasa baiko gobe da safe. Ku naɗa in ya faɗa, amma ku sa wa hirar jar alama a rajista, ba a kunna ta a taro, ba a tura ta WhatsApp, ba ta shiga littafi da sunan gida.

6. Tsanin shekaru

Tsoho ba zai ce maka 1953 ba. Zai ce shekarar fara, ko shekarar da ruwa ya ci gari, ko zamanin Sarkin Musulmi wane. Don haka ku rubuta tsani a kwali guda ku riƙa tafiya da shi. Ga matakan da ba su da gardama: Turawa sun ci Sakkwato a Maris 1903, yaƙin Satiru 1906, babbar yunwa 1913 zuwa 1914, Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu 1931 zuwa 1938, Sarkin Musulmi Abubakar na uku daga 1938 har 1988, 'yancin kai 1960, kisan Sardauna Janairu 1966, canjin hannun tuƙi 1972, shigowar naira 1973 wadda ta zo cikin farin nan na farkon shekarun 1970, makarantar UPE (firamare kyauta ga kowa) da kafa ƙananan hukumomi 1976, canjin kuɗi na 1984, cire Kebbi 1991 da Zamfara 1996, rasuwar Sarkin Musulmi Maccido a haɗarin jirgi Oktoba 2006, ambaliyar 2010.

Yadda ake aiki da shi: “Inna, lokacin da anka daina sule da fam, kin yi aure?” “Ina goyon ɗana na biyu.” To ka samu shekarar aurenta kusan daidai, daga nan ka auna duk abin da ta ce ya faru kafin aure ko bayansa. Ku ƙara matakan garinku a kan tsanin, shekarar da anka gina masallacin Juma'a, gobarar kasuwa, naɗin kowane hakimi.

In kunka ci karo da shekarar hijira a takarda, ku ninka ta da 0.97 ku ƙara 622. Misali 1232 za ta ba ku 1817, shekarar rasuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Lissafin na iya kaucewa da shekara guda, don haka ku rubuta “wajen”.

In riwaya biyu sunka saɓa, kuma za su saɓa, ku rubuta duka biyun kowace da sunan mai ita. Ba aikinku ba ne ku haɗa su su zama ɗaya mai daɗi.

7. Takardun da ke cikin gafaka

Bayan an saba da ku, wata rana wani zai shiga ɗaki ya fito da tsohuwar gafaka, fatar ta bushe ta yi baƙi, ciki takardu ne warwatse masu launin ƙasa, gefensu gara ta ɗan taɓa, tawadar baƙa da ja a wasu wurare. Yana iya zama littafin fiƙihu da kakansa ya kwafa, ko waƙar wa'azi da ajami, ko wasiƙa mai hatimi, ko rasit ɗin haraji da jangali na zamanin En'e. Ku wanke hannu ku busar kafin ku taɓa.

Ka'ida ta farko: ba a fita da takarda daga gidan mai ita. A nan za ku ɗauki hoto. Ku shimfiɗa farin yadin a inuwa mai haske, ba cikin rana ba kuma ba filasha, waya a miƙe sama da takardar, shafi ɗaya hoto ɗaya, gaba da baya, har da shafin da kuke ganin babu komai. Ganyayen ba a ɗinke suke ba kuma yawanci babu lamba, don haka ku juya su ɗaya bayan ɗaya yadda kunka same su. In sun riga sun hargitse, mai ajaminku ya duba ƙasan shafi, marubutan da kan rubuta kalmar farkon shafi na gaba a can, da ita ake mayar da jeri. Shafin ƙarshe ku ɗauke shi sau biyu, a nan mai kwafa kan sa sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci da shekara cikin ramzi, wato haruffa a madadin lambobi.

Gargaɗi: kada a yi laminatin. Na san ana ganin gata ne, amma zafi da roba na kashe takardar kuma ba a iya cire ta. Kada salatif, kada gam, kada biro, kada a fesa maganin sauro a kai, kada a sa a leda don gumi. A naɗe da farin yadi, a sa a akwati, a ɗora akwatin kan wani abu nesa da ƙasa da bango saboda gara, a buɗe a duba sau biyu cikin damina.

Takobi, sulke, tambari, tsohuwar tukunya, su ma hoto da awo da labarin mai su kawai. In wani baƙo ya zo yana tayawa, ku sani doka ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su ba da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ba.

8. Ajiya, a daren da anka yi aikin

Wannan matakin ne mutane ke rainawa kuma shi ke cinye su. A daren, ba gobe ba, a canja wa naɗin suna: shekara, wata, rana, lambar hira. A rubuta lambar a rajista tare da sunan mai magana, unguwa, wanda ya yi tambaya, da layi biyar na abin da anka tattauna. Sannan kwafi uku a wuri uku: memori a akwatin ƙungiya, kwamfuta ko filas a wani gida daban, da Google Drive da adireshin ƙungiya wanda mutum biyu sunka san mabuɗinsa. Murya ba ta da nauyi, awa guda ba ta cika wuce mega sittin ba, bidiyo ne mai cin wuri. Wayar mutum ɗaya ba ma'ajiya ba ce, ana sacewa, tana faɗawa rijiya, yaro na gogewa don ya sa wasa.

Juyar da murya zuwa rubutu kuwa ku shirya, awa guda na cin awa biyar ko shida. Ku rubuta yadda ya faɗa, in ya ce “munka taho” ko “shina zamne” ku bar shi haka, kada a mayar da shi Hausar littafin makaranta.

9. Zagayen gari

Ku ɗauki tsoho guda ko biyu masu ƙarfin ƙafa ku zaga da sassafe: inda ganuwa ta bi, ƙofofi, tsofaffin rijiyoyi, marina da ta mutu, tsohuwar maƙabarta, kukar da ake cewa a nan anka fara sauka, fagen dambe da kokawa. Kowane wuri hoto, suna, da alamar taswira a waya. Malamin makaranta ya zana taswirar a babban kwali.

Gargaɗi biyu. Ba a tono, ko an ce akwai tukunyar kuɗi. Na biyu, kufai da ke cikin daji, musamman a gabashin jiha da wajen iyaka, ba a zuwa sai mutanen wurin da 'yan sa-kai sun ce lafiya, in sun ce a bari a bari. Ƙauyen da ya tashi saboda 'yan bindiga, mutanensa na nan a garuruwan da sunka yi hijira, ku same su a can ku naɗi sunayen unguwanninsu da rijiyoyinsu da limamansu tun suna tune. Amma kada ku wallafa wa ke da shanu nawa ko wa ya biya fansa.

10. Tafiya birni

Sai kun tara hira kamar ashirin sannan tafiyar za ta yi amfani, don lokacin kun san abin da kuke nema. A cikin Sakkwato akwai Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu mai ajiye rubuce-rubucen Larabci da ajami da takardun mulki. Akwai sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda ɗalibai sunka daɗe suna rubuta kundin kammala karatu kan garuruwansu, ba mamaki wani ya taɓa yin naku ko na gundumarku. In aljihu ya yarda sai Kaduna, Ma'ajiyar Takardu ta Ƙasa tana da fayilolin Lardin Sakkwato na zamanin Turawa, ciki har da rahotannin ƙiyasin haraji da sukan kawo sunayen ƙauyuka da hakimansu da yawan mutane, ga kuma Gidan Arewa. Ku tafi da takardar gabatarwa daga ƙungiya da katin shaida, ku nemi garinku da sunan gunduma ta da, kuma ku gwada rubutun sunan iri-iri don Bature yadda ya ji yake rubutawa.

Abin da Bature ya rubuta shi ma riwaya ce, tafinta ya gaya masa, tafintan kuma yana da nasa ra'ayi. Ku aje ta gefen ta tsofaffinku, ba samansu ba.

11. Mayar wa gari abinsa

In shekara ta zagayo mutane ba su ga komai ba za su ce kun ci da su. Abu mafi sauƙi kuma mafi tasiri: kowane gidan da kunka yi hira a ba su kwafin muryar tsohonsu a memori ko a tura musu a waya, hoto guda kuma a wanke a kai musu. Ranar da tsohon ya rasu za ku ga darajar wannan.

Sai ranar tarihin gari, sau ɗaya a shekara. Kwana biyu ko uku bayan Sallah ya fi, lokacin 'yan ci-rani da ma'aikata na gida. Filin firamare, bayan la'asar, lasifika guda, igiya a ɗaure tsakanin itatuwa a rataye hotuna da taswira. A kunna guntayen murya na minti uku-uku daga waɗanda sunka ba da izini, yara su karanto jerin hakimai da limamai, maƙeri ko baduku ya nuna sana'arsa a gaban jama'a. Mata a yi musu nasu zama a cikin gida ko makarantar Islamiyya, da waƙoƙin niƙa da na daɓe in akwai mai tunawa. Jawabin manyan baƙi kada ya wuce biyu. Ku aje mutum da littafi a gefe, don a ranar ne wani zai matso ya ce ai mu ma akwai wata takarda a gidanmu.

Tsakanin shekara kuma akwai ƙananan ayyuka da ba su cin kuɗi: gayyar share tsohuwar maƙabarta kafin damina, kewaye tsohuwar rijiya, kai 'yan aji shida zagayen ganuwa, ba su aikin gida kowa ya rubuto sunan kakanninsa huɗu da sana'arsu.

Littafi kuwa kada ku yi gaggawa. Ɗan ƙarami mai shafi talatin ko arba'in, da Hausa, a buga kwafi kaɗan. Kafin a kai maɗaba'a a karanta shi da baki gaban dattawan kowane ɓangare, gyaran da za a yi a zaure ya fi wanda za a yi bayan an raba kwafi ɗari.

12. Rajista

Na bar ta ƙarshe da gangan. A shekarar farko takardar shaida daga sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarku ta isa, za su nemi tsarin mulkin ƙungiya, sunayen shugabanni da 'yan kuɗin fom. Rajistar amintattu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, sai in za ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya ko ku nemi tallafi daga waje, ita tana buƙatar amintattu da lambar NIN ɗinsu, da sanarwa a jarida, da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. A cikin tsarin mulkin ku tabbata kun sa layi guda da ke cewa naɗe-naɗe da hotuna mallakar gari ne ba na magatakarda ba, da sunan wurin da za a miƙa akwatin in ƙungiya ta watse, makarantar gari ko hannun liman, da wanda zai riƙe mabuɗi na biyu.